Ranar da Alƙali Ya Miƙe

"Ba inda za ka, Baba. Takalman ma ga su a hannuna."

Mai Hoto tana durƙushe a bakin famfo tana ɗauraye kofuna, ta ɗago. Nas ce tsaye a ƙofar ɗakin mahaifinta cikin fararen kayan aiki. Ko jakarta ba ta ajiye ba tun shigowarta daga asibiti, ta rungume takalman tsohon a ƙirji kamar wadda ta ƙwace wa yaro wuƙa. Shi kuwa yana zaune a bakin gado, har ya kafa hula, kumburarrun ƙafafunsa na kan tabarma.

"To riƙe abinki, Uwata," ya ce. "Dama sun daina shiga. Kar-a-motsa, zo ki zama shaida. An tsare alƙali ba sammaci."

Kar-a-motsa sunan da ya raɗa wa Mai Hoto ne. Shagonta yana gaban gidan hayar da suke ciki, bango ɗaya ne tsakaninsa da ɗakin tsohon, don haka duk wanda ya zo ɗaukar hoton fasfo yana jin abin da take gaya masa. Da ta ce, "Kar a motsa," sai ya amsa daga can, "Kar ma a yi numfashi." Mutum ya tuntsire da dariya, sai an sake ɗauka. Shekara da shekaru suna haka.

Shi ma Alƙalin, bai taɓa taka kotu ba ko da sunan kallo. Ɗan wasan kwaikwayo ne. Tun yana saurayi aka ba shi rigar alƙali a wani wasa, ta zauna masa, sunan ya bi shi har ya danne na gaskiya. Yanzu zuciya ta kumbura, likitoci sun sallamo shi sun ce ya je gida ya huta, kuma kowa a gidan ya gane irin hutun da ake nufi. Ana cikin haka Darakta, wanda ke jan ragamar ƙungiyarsu ta wasa, ya zo duba shi, bakinsa ya suɓuce ya ce za su dawo da tsohon wasan nan na shari'ar mangwaro. Tun daga ranar tsoho ya hana kowa sakat.

"Baba Alƙali, ni ba na shiga tsakanin uba da 'ya," in ji Mai Hoto.

"Kin shiga tun da kika ɗago kai. Ke ce ma za ki ɗauki hoton."

Nas ta juyo ta dube shi. "Hoto? Kai?"

Abin mamaki ne kam. Duk unguwar an san Baba Alƙali ba ya shiri da kyamara. Cewa yake hoto maƙiyin wasa ne: mutum na tsakiyar magana a kama shi baki buɗe kamar kifin da aka jefo tudu, a ce wai shi ne. Ko a taro aka ɗaga kyamara sai ya kare fuska da hannun riga.

Abin da Nas ba ta sani ba shi ne, kwanakin baya tana wurin aiki ya lallaɓa shagon neman inda zai zauna ya ga mutane. Ya tarar da Mai Hoto ta zazzage wani kwali tana kakkaɓe ƙura. Ya ɗauki hoto ɗaya ya kai shi kusa da ido. Tashar mota ce, ga rumfuna, ga benci, ga agogon bango raɗau, amma mutanen duk sun zama kamar hayaƙi, suna kwarara ta ƙofa suna zagaye ginshiƙai.

"Wannan fa?"

"Wasan yarinta ne, Baba. Ajiye."

"Na tambaye ki."

Sai ta nuna masa tsohuwar kyamarar da ta gada wurin maigidan da ya koya mata aiki, ƙatuwa, mai ƙafa uku da baƙin mayafi. Ta ce ita wannan ba ƙiftawa take ba. Buɗe mata ido ake a bar shi a buɗe, tana kallo tana tarawa, har tsawon lokacin da mutum zai sha shayi ya tashi. Abin da ya tsaya wuri ɗaya zai fito sarai. Abin da ke motsi sai dai ya bar sawu.

Ya sake duban hoton. Can ya ce, "Wato kina da wannan a kwali, kika ƙare rayuwarki kina ɗaukar kunnuwan mutane."

"Kunnuwan ne ke ciyar da ni. Na taɓa rataye guda biyu a nan. Wani ya tambaye ni ko kyamarar ce ta lalace, har da ba ni sunan mai gyara."

"Rabu da shi. Wannan ne hoto na farko da na gani wanda bai kashe abin da ya ɗauka ba. Haka wasa yake, 'yar nan. Ba ya tsayawa. Ki ɗauke ni da ita."

Ita dai dariya ta yi a ranar. Ba ta zaci da gaske yake ba.

Da yamma, bayan rigimar takalma, Nas ta shigo shagon ta zauna a kujerar masu fasfo. Ta cire ɗankwalin aiki ta ninke a cinya.

"Yaya, ya ƙi cin abinci," ta ce. "Ya juya wa bango fuska. Na san zuciyar nan, na ga hotonta, ko hawa matakala bai kamata ya yi ba. Amma in na hana shi ma, hanin ne zai kashe shi."

Mai Hoto ta zuba mata ruwa.

"Na yi magana da Darakta. Fitowa ɗaya kawai zai yi, a zaune, ba tashi. Na sa shi ya yi mini alkawari." Ta juya kofin a hannu. "Ke kuma ga nawa roƙon. Ba ni da hotonsa ko ɗaya, in ban da na katin asibiti, wanda ya fito kamar ɓarawon da aka kama. Ina son fuskarsa. Ni tun ina ƙarama bayansa na fi sani. Ya saɓa jaka ya ce, 'Ina zuwa, Uwata,' sai an manta da shi ya dawo daga yawon wasa. Ki samo mini fuskar da zan rataye."

"In dai ya zauna, an gama," in ji Mai Hoto. "Yaran za su yi ta kai-komo su zama hazo, shi kaɗai zai fito a tsakiya. Ke kin samu, shi ya samu."

"Ki ɗauke shi da ƙaramar ma, don tsaro."

"Zan gwada."

Ranar wasan da rana aka yi shi, don kada tsohon ya yi dare. Gidan wasan tsohon sito ne da aka gyara, an toshe tagogi da baƙaƙen labule, fankoki na kuka a sama. A ɗakin shiri Mai Hoto ta fito da ƙaramar kyamara, tsohon ya kare fuska da hannun riga kamar kullum.

"Bayan wasa," ya ce. "Yanzu ba ni ba ne, alƙali ne."

Ta koma can bayan 'yan kallo ta kafa babbar, ta shiga ƙarƙashin mayafi ta daidaita ta a kan kujerar alƙali. Fim ɗaya irin wannan kyamarar ke ɗauka a lokaci guda, kuma fitowar tasa ba za a maimaita ta ba. Aka kashe fitilu. Da labule ya buɗe, samari biyu sun riga sun zaunar da shi, cikin farar riga mai faɗi, haske ya sauka a kansa. Wurin ya kaure da tafi tun kafin ya buɗe baki. Ta danna, ido ya buɗe.

Wasan na maƙwabta biyu ne. Gindin mangwaro na gidan ɗaya, rassan sun tsallaka katanga suna zubar da 'ya'ya a gidan ɗayan. Wannan ya ce nasa ne don shi ke ban ruwa, wancan ya ce nasa ne don shi ke sharar ganye. Suka fara zuba, kowa na jan rigar ɗan'uwansa. Ba su yi nisa ba Baba Alƙali ya ɗaga hannu.

"Ku dakata. Alƙalin da bai ga bishiya ba, ba ya raba 'ya'yanta."

Ya dafa hannun kujera ya miƙe.

Mai Hoto ta dubi kujerar da ya bari. Bai zauna ko rabin abin da fim ke bukata ba, kuma ɗan zaman da ya yi ma kansa bai tsaya ba. Yatsanta na kan maɓallin rufewa. In ta rufe yanzu, wataƙila ta tsira da wata dusasshiyar fuska a kan kujera, abin da za ta iya miƙa wa Nas ta ce ga iya abin da aka samu. Tana shirin dannawa ya yi taku na farko.

Ba ta taɓa ganinsa a dandali ba. Tsohon da ta sani shi ne mai jan ƙafa zuwa famfo yana dafa bango. Wannan kuwa wani ne. Ya goya hannu a baya, ya zagaya bishiyar kwali yana leƙen sama, ya tsinki mangwaron da babu shi, ya shinshina, ya gatsa, ya goge gemu. Mutane har da masu riƙe ciki. Ya sake tsinkar wani ya jefa a aljihu, ya ce na kotu ne. Maƙwabtan biyu suka manta da faɗansu suka bi shi a baya kamar 'yan kaji.

Ta janye yatsanta. Ta bar idon a buɗe.

Ya ratsa dandalin daga wannan gefe zuwa wancan. Da ya kai ƙarshe, dab da labulen gefe, sai ya tsaya cak. Ya daɗe a tsaye, ƙirjinsa na hawa da sauka, yana kallon wani wuri da 'yan kallo ba sa gani. Wurin ya yi tsit, ana zaton cikin wasan ne. Sannan ya juyo ya yanke hukunci: a rushe katangar, a sa benci a gindin bishiyar, duk wanda ya riga tashi ya share. Labule ya rufe.

A kan kujerar aka fito da shi zuwa tasi. Leɓɓansa sun yi fari, Nas na riƙe da wuyan hannunsa tana kallon agogo. Ba wanda zai ɗaga kyamara a irin wannan hali. Da suka wuce Mai Hoto, Nas ta tambaye ta ba tare da ta dube ta ba, "Kin rufe da ya tashi?"

"Ban rufe ba."

Nas ta shiga tasi ta ja ƙofa.

Daga ranar bai sake sauka daga gado ba. Nas ta ɗauki hutu. In sun haɗu a bakin famfo sai gaisuwa a taƙaice, kowa ta kama gabanta. Mai Hoto ta bar fim ɗin a cikin akwatinsa ta kasa wankewa. Shi kuma, duk da muryar ta shige, bai fasa ba. Ta ce wa mai fasfo kar a motsa, sai ta ji ta bango, can ƙasa-ƙasa, "Kar ma a yi numfashi." Rannan sai ya ƙara da cewa, "Ina hotona? Ko sai na aiko da sammaci?"

Ta shiga ɗan ɗakin wanke hoto da ke bayan shago, ta kunna jar fitila, ta wanke. Ta fitar da ƙarami, kamar tafin hannu biyu. Kujera ta fito raɗau, ba kowa a kanta. Bishiyar kwali ta fito. Daga kujerar kuma wani farin sawu ya tashi, ya naɗe bishiyar, ya miƙe ya ratsa dandalin kamar an ja farin mayafi a cikin ruwa. Ta tsaya tana kallo. Ta san ba ta taɓa yin aiki mai kyan wannan ba, ta kuma san ba abin da aka roƙe ta ba ke nan.

Ta kai masa. Nas ta tayar da shi ta jingina shi da matashi, ta sa masa tabarau. Ya riƙe hoton da hannu biyu, yana bin sawun da ido a hankali, daga kujera har ƙarshe. Sai kafaɗunsa suka fara rawa. Dariya yake, ba sauti.

"Ga ni," ya ce. "Wallahi ga ni. Nan na tsinki na farko. Nan na sa na kotu a aljihu. Uwata, duba."

Nas ta karɓa ta duba. "Ina fuskar?"

"Ki yi haƙuri," in ji Mai Hoto. "Da na rufe…"

"Da kin rufe da na ɗaure ki," in ji tsohon. "Uwata, laifina ne, ni na karya alkawari. Ƙafafun ne suka tashi ba su yi shawara da ni ba."

Nas ta ajiye hoton a kan bargo ta fita, wai za ta duba ruwan zafi.

Ya yafito Mai Hoto da yatsa ta matso. "Kar ki damu da ita. Halin uwarta ne, ta yi fushi da safe ta kawo maka abinci da rana." Ya huta. "Kwalin nan naki. Na gaya wa Darakta. Bangon shiga gidan wasa fanko yake, sai tallan sabulu. In ya zo kar ki ce masa wasan yarinta ne."

"To, Baba."

"Ba 'to' ta korar tsoho ba."

"To ta gaskiya."

Bayan 'yan kwanaki, da hantsi, wata mata ta kawo tagwayenta hoton makaranta. Mai Hoto ta zaunar da na farko, ta gyara masa kwala, ta ce, "Kar a motsa." Ta ɗan jira, yadda ta saba. Ba ta ji komai ba. Ta ɗauka, ta zaunar da na biyu, ta sake faɗa da ɗan ƙarfi. Sai ta ji an buɗe ƙofar cikin gida, ta ji takun Nas a tsakar gida, a hankali, ba irin na mai gaggawa ba. Ta ajiye kyamarar ta ce wa matar ta yi haƙuri ta dawo gobe.

Gidan ya cika ya batse da masu ta'aziyyar Baba Alƙali. 'Yan wasa tsofaffi da yara, direbobin da suka yi yawo da su, har da mutanen da ba wanda ya san su, waɗanda suka ce sun taɓa kallonsa a garinsu suna yara. Ana gaisuwa ana hawaye, sai wani ya tuno wata maganarsa, a kasa danne dariya. Mai Hoto ta rufe shago ta koma ɗora tukunya da wanke kwanuka. Ita da Nas suna miƙa wa juna abu, amma maganar hoto ba ta taso ba.

Sai da ƙafa ta ɗauke, Nas ta koma aiki. Ranar da ta fara komawa, daga asibiti ba ta shiga gida ba, ta biyo ta shago. Ta ciro ƙaramin hoton daga jaka, gefensa har ya lanƙwashe.

"Yaya, nan wurin." Ta ɗora farce a can ƙarshen sawun, dab da labule. "Kullum ina kallo, kamar akwai wani abu. Za a iya ƙara masa girma?"

"Za a iya. Zo ki gani da idonki."

Suka shiga ɗakin bayan, suka ja ƙofa. Ɗakin bai fi a juya ba, ga warin magani. Mai Hoto ta ɗauko takarda mafi girma da take da ita, ta haska fim ɗin a kai, sannan ta zura ta cikin faranti tana karkaɗawa a hankali. A jan hasken, farar takarda ta fara duhu. Kujera ta fito, bishiya ta fito, sawun ya taso.

"Tafiyarsa ce," in ji Nas. "Kin ga yadda yake sauka yana hawa? Kafaɗar hagu ce. Tun daga bakin layi nake gane shi da ita."

Sai ƙarshen sawun ya cika. A inda ya tsaya yana mayar da numfashi, tsayuwar ta isa fim ya kama shi. Ba raɗau ba, kamar ana ganinsa ta bayan labule mai shara-shara, amma ga hula, ga gemu, ga idanu sun karkata gefe, bakin ya ɗan ja.

Nas ta dafa gefen teburin.

"Ni ce a wurin, a bayan labule. Na haɗe rai, ina nuna masa kujera da yatsa, ina cewa koma ka zauna. Shi kuwa ya tsaya yana kallona yana wannan murmushin. Har na gaji na sauke hannu." Ta goge ido da bayan hannu, ta yi 'yar dariya. "Tsoho mai taurin kai. Ashe ma ya tsaya."

Mai Hoto ta ɗaga takardar da maƙali ta mayar da ita faranti na gaba, sannan ta ɗauraye ta a ruwa.

"Darakta ya tare ni a hanya," in ji Nas. "Wai ranar Asabar zai zo da kafinta su auna hotunanki. Ya ce kuma suna da sabon wasa, ki shirya babbar. Wannan dai nawa ne. In suna so ki wanke musu nasu."

"Naki ne. Amma sai ya bushe. Je ki huta, zan kawo miki."

"A'a. Zan jira."

Suka kama shi su biyu, kowa da kusurwarta, suka maƙale a igiya. Mai Hoto ta ɗan buɗe ƙofa iska ta shigo. Nas ta kife bokiti ta zauna, ta jingina kai da bango. A waje an tashi 'yan makaranta, hayaniyarsu na wucewa ta bakin shago. Ruwa na ɗiga daga gefen takardar cikin roba, da sauri da farko, daga baya sai jifa-jifa.